Ledojin Primitiva a Hawan Colomi

Shekara ashirin da bakwai Don Eleuterio Ticona ya yi yana jan babbar mota tsakanin Cochabamba da ke can kan duwatsu da Santa Cruz da ke ƙasa. In zai gangara, albasa ce da dankali da karas. In zai hauro, sukari da shinkafa. Gajere ne kakkaura, kullum da curin ganyen koka a kumatu da basilla soke a hula, don ba ya yarda a ɗora masa yagaggen buhu sai ya ɗinke da hannunsa. A hanyar nan ya koyi barci a zaune, a nan ya samu ciwon baya, a nan kuma ya samu mata. Casilda ruwan rake take sayarwa a Montero, shi kuwa ya yi ta tsayawa yana sha har ta gane ba ƙishirwa ke damunsa ba.

Auren ne ya haɗa shi da ƙanwarta Primitiva, wadda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ita sana'arta chipilo, soyayyar ayaba mai gishiri, yanka sirara-sirara. Shekara da shekaru tana sayarwa a ƙofar gida can Montero, sai bana ta sayi injin liƙe leda. Wata mai shago a kasuwar La Cancha ta Cochabamba, Doña Benigna, ta ce a kawo mata kwali ashirin ranar Asabar ta gwada. In kaya sun iso lafiya, duk wata za ta riƙa karɓa. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa.

Primitiva ta ce ƙafarta ƙafar kayanta. Aka jera kwalayen a kan buhunan sukari, aka ja tamfal, ta haye gaba da barguna biyu.

"Ƙanwata, barguna har biyu? Dutse za mu hau, ba cikin firij zan sa ki ba."

"Mijin yaya, ku mutanen dutse ai sanyi ya riga ya busar da ku. Ni da sauran jini a jikina."

Suka kwana a Villa Tunari. Da hantsi mota ta kama hawa tana nishi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, daji yana raguwa, hazo yana sauka. Sun kusa tafkin Corani sai suka ji tas! Eleuterio ya ce taya ce. Ya gangara gefe, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da sanda. Duk lafiya. Yana tsaye yana sosa ƙeya sai ga wata tas, tas, daga ƙarƙashin tamfal.

Ya hau ya buɗe kwali guda. Ledojin sun kumbura tam kamar kumatun mai busa ƙaho, biyu sun riga sun fashe.

"Primitiva! Iska kika cika musu?"

"Eh mana, don kada su farfashe a hanya. Haka mai injin ya nuna mini."

"Mai injin ya taɓa wuce Yapacaní ya hau dutse kuwa? Iskar ƙasa in ta hau dutse kumbura take yi! Ko jarkar da ba komai ciki sai na sassauta mata murfi a nan. Kuma da sauran hawa a gabanmu."

Laifinsa ne shi ma, ya sani. Mutumin da ke duba ɗinkin kowane buhu bai leƙa kwali ko ɗaya ba. Primitiva ta zauna a kan dutse, ta rufe fuska da bargo. Kwana tara ta yi a gaban kasko.

Ya zare basilla ya soki leda guda. Ta yi tsiii ta lafa, amma hujin ya yi girma. Matan da ke soya kifi a bakin hanya sun riga sun taru suna kallo. Wata tsohuwa a cikinsu ta ture hannunsa.

"Kai direba, wannan ai ta buhu ce. Matsa."

Ta cire allurar da ta maƙale mayafinta da ita, ta soki wata ledar a kusurwa, ta matse ta a hankali. Eleuterio ya ɗauko jan salatif ɗin wayar lantarki daga akwatin kayan gyara, ya yanko ɗan mitsitsi ya liƙe wurin. Shi ke nan aiki ya samu. Mata biyar suna soki, direbobi biyu da suka tsaya cin kifi suna yankan salatif, Primitiva ta yar da bargo tana jerawa. Duk ledar da ta fashe, ta mai aiki ce.

"Don Leute, ka ce shekara nawa kake hanyar nan?" in ji ɗaya daga cikin direbobin, bakinsa cike da ayaba.

"Ci ka yi shiru, kai da ka taɓa kai kaji cikin sanyin Oruro ba bargo."

Kafin rana ta karkata sun gama. Suka haye Colomi, can ƙwanƙolin dutsen, Primitiva ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai kukan inji.

Ranar Asabar da safe Doña Benigna ta buɗe kwali a ƙofar shagonta. Ta juya leda, ta dubi ɗan jan tabon, ta dubi Primitiva, ta dubi Eleuterio da ya tsura wa rufin kasuwa ido. Ta yaga, ta jefa guda a baki. Ƙurus! Ta ƙara wata. Ta ƙara.

"A Corani ko a Colomi?" ta tambaya.

Primitiva ta sunkuyar da kai. "A Corani, Doña."

"Kin yi sa'a. Mai kawo mini gyaɗa sai da nasa suka kai ƙwanƙolin dutse, ya iso mini da kwali cike da gyaɗa tsirara." Ta karkaɗe gishiri daga yatsunta. "Wata mai zuwa ki kawo talatin. Amma ki bar iskarku a can garinku, 'yata. Muna da tamu."