Batirin da Ke Haihuwa

In na ce maka na ga batiri ya haihu, za ka ce ɗan kabu-kabu ne, rana ta dafa mashi kai. To, ka ce. Ni dai a bayan motona, wato babur, na yi ta jigilar uwar da ɗiyan, daga Tasawa zuwa Mayahi har Isawan, kuma wadda ke karɓar haihuwar tana nan da ranta, ɗiyar kawuna ce. Wanda bai yarda ba ya zuba mani isans a tanki in kai shi ya gani.

Taubashiyata ce, saboda haka tunda muka tashi ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Ita tana ce mani bawanta, ni ina ce mata uwar tarkace. Kawuna mai gyaran rediyo ne, shi ya lalata ta. Lokacin da ƙawayenta ke koyon dambun zogale, ita tana tsugune gabanshi tana hura gawayi don ƙarfen like ya yi zafi. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, an ce sai da aka zazzage turnabis, abin kwance rediyo, daga cikin kayan ɗaki. Ni ban gani ba, amma ni na baza labarin.

Mijin nata mutum ne mai sanyi, irin wanda ko akuya ta taka shi sai ya ba ta haƙuri. Wata shekara da gero bai yi ba, ya tsallaka Najeriya ci-rani, ya faɗa cikin masu haƙar wani dutse can kudu. Ya dawo da tari, da ramammen wuya, da guntun dutsen a aljihu, fari-fari mai ɗan ƙyalli. Ya aje shi a tabarma ya ce wai shi ne abincin batirin salula da na fitilar sola. Suna haƙa, a loda a kamiyo, babbar motar kaya, a nufi bakin teku, daga nan ba wanda ya san inda ya yi.

Na ɗauka na juya shi na ce, “Wannan ko ’yar tsana ba zai tayar ba. An dai sa ku aikin banza.”

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Bawana, kai ba ka ga abin ba. Mu ke haƙa. Su kwashe su dafa shi can, su dawo mamu da shi cikin kwali mu saya da tsada. In ya mutu kuma mu yar a bola, awakinmu su lasa. Ko’ina mu ne a wahala, ba mu a tsakiya inda ake cin abincin.”

Na ce, “To sai ki gina izin, masana’anta guda, a bayan ɗaki, ni ne direkta.”

Ta ce, “Kai ne jaki.”

Haka kuwa aka yi, ni na zama jakin. Ta ce ba ta da ikon dafa dutse, amma abin da ya riga ya shigo ƙasar nan ba zai fita ba sai ta tatse shi. Ta share zauren gidansu ta mai da shi atiliye, wurin aikinta. Ni kuma duk inda na kai fasinja sai in bi masu sharjin waya da masu gyaran ordinater, wato kwamfuta, in roƙi matattun batura. Mutuncina ya zube a tasha. Abokan aiki suka fara tambayata ko na buɗe maƙabarta.

A zauren nan na ga abin da ya sa na rage raina ta, ban daina ba, ragewa na yi. In ta fasa mataccen batiri, sai ka ga ashe ciki wasu ’yan sanduna ne jere kamar yatsu. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ma’auninta mai allura. Sau da yawa ɗaya ne ko biyu suka mutu suka ja wa sauran sunan gawa. Ta ware masu rai, ta haɗa sa’a da sa’a, ta like, ta naɗe, ta sa a akwatin roba, sai ga batiri ya tashi yana kunna fitila har da sharjin waya. Waɗanda suka kumbura kuma tana binne su cikin tukunyar yashi can ƙarshen gida. Wata rana na ce bari in taya ta, na soka wa ɗaya wuƙa, sai ya tofo wuta. Girata ta hagu har yau ba ta gama yafe mani ba. Tun daga nan ta ja layi a ƙasa ta ce in na tsallake sai ta gaya wa matata inda nake cin tsire ni kaɗai.

Masu shago da masu sharji suna saye, a nan take samun na cefane. Matsalarta guda, matattun ba su isarta. Na gari ’yan kaɗan ne. Tarin yana ƙauye da ruga, inda kowane gida ya sayi fitilar sola ta mutu an jefa ƙarƙashin rumbu.

Dabarar daga Isawan ta zo. Na kai ta biki can, muka sauka wajen wani dattijo Bafillace, aminin kawuna tun zamanin rediyo. Muna zaune ta ga wata karsana da ake lallaɓa fiye da sauran, an ware mata dusa, ba mai ɗaga mata sanda. Ta tambaya. Dattijon ya ce ta habbanaye ce. Wato ɗan’uwa ya ba shi aronta, zai riƙe ta har ta haihu, ’yan maruƙan nashi ne, uwar ta koma ko a miƙa ta ga wani mai buƙata. Ya ce saniyar habbanaye ba a sayar da ita, ba a dukanta, ko yunwa za ta kashe ka.

Muka kamo hanyar dawowa. Muna cikin yashin nan mai kama taya sai ta dake ni a kafaɗa ta ce, “Batiri zan ba da habbanaye.”

Na ce, “Allah ya sawwaƙe. Wa zai yi mashi barbara?”

Ga yadda ta tsara. Ta ba gida batiri da fitila da ɗan pano mai shan rana, ba saye ba, aro. Su kuma duk mataccen da suka samu, nasu ko na maƙwabta, su tara mata. In abin da suka kawo ya isa, ta haɗa masu nasu na kansu daga ciki, shi ne ɗan. Uwar kuma in ɗauke ta a moto in kai wani gida. Da ta gaya wa dattijon, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, “Ɗiyata, abin naki ba ya cin ciyawa, amma na ji ƙa’idar. Kawo.”

Sai ga ni ina yawo da uwaye. Uwa guda ta zauna a Isawan ta haihu, ta wuce wata ruga, daga nan har wani ƙauye wajen Hawandawaki. Akwai wata tsohuwa da ta ɗinka wa tata riga da ƙyallen atamfa, in na zo ɗauka sai ta raka ni har bakin garka tana ce mata ta gaida gida. Ni da na kawo ta ko ruwa sai na roƙa.

Ana nan sai wani Alhaji ya ɓullo da kamiyo daga kudu. Ɗan gwangwan ne, amma babba, irin wanda ke sayen tsohon ƙarfe har ya je Makka da shi. Ya kafa ma’auni a kasuwar Mayahi, ya ɗaura lasifika a kan mota, ya fara sayen matattun batura da kilo, kuɗi hannu. Kuma yana biya da kyau, ba zan yi mashi ƙarya ba. Cikin ’yan kasuwanni kaɗan ya share Mayahi da Tasawa tas. Masu sharjin da ke ba ni kyauta suka fara kallon sama in na zo. Wani ma ya ce bai taɓa ganina ba, alhali ni na kai matarshi asibiti haihuwa.

Kantocin zaure suka bushe. Ga masu shago sun ba da aiki ba abin haɗawa, ga gidajen ruga suna jiran ɗiyansu. In na shiga sai in tarar da ita tana goge ma’aunin da ba abin da zai auna. Mijin, duk da tarin bai sake shi ba, ya fara maganar ko ya sake tsallakawa wajen haƙa in zauren ya mutu. Wannan ita ce maganar da ba ta so ji. Ta san da wane ƙirji ya dawo.

Na ce mata, “Uwar tarkace, mu bi Alhajin nan mu roƙe shi aiki. Ke ki riƙe ma’auni, ni in riƙe lasifika, murya gare ni.”

Ta ce, “Ranar kasuwa ka zo da wuri. Mayahi za mu.”

“Da me za ki kara da shi? Kuɗi gare ki?”

“Tabarma gare ni.”

Tabarmar kuwa ta shimfiɗa, a inuwar wani iccen bedi, daidai inda Alhaji zai riƙa ganinta. Ta aje ma’auninta da turnabis ta zauna. Lasifika na ta ihu, “Matattun batura, matattun batura muna saye.” Mutane na ta layi can. Mu kuwa ko ƙuda sai ya duba mu ya wuce. Na sayi rake na ci, na sake saye. Har na fara lissafin ta wace hanya zan gudu in bar ta.

Rana ta take tsaka sai ga mutanen Isawan. Dattijon ne gaba da sandarshi a kafaɗa, bayanshi jakuna da raƙumi guda, duk da buhuna. Ni na ce buhunan sun kai tsayin masallacin Juma’a, matata ta ce in rage, to na rage, sun kai tagar masallacin. Hanyarsu dole ta gaban kamiyo take. Alhaji da ya ji ƙarar abin da ke cikin buhu, da kanshi ya sauko daga kujera.

“Sannu da zuwa, Baffa. A sauke nan, a sauke nan.”

Dattijon ya amsa gaisuwa sosai, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, bai tsaya ba.

Alhaji ya bi shi yana ƙara farashi. Dattijon ya ce, “Alhaji, da nawa ne da na sayar maka, ina son kuɗi. Waɗannan da mai su.”

“Wane ne mai mataccen batiri, Baffa? Abin bola?”

“Uwarsu tana ɗakina tana ba jikokina haske. In na sayar maka da waɗannan, gobe wa zai ba ni aron saniya a Isawan?”

Suka wuce suka sauke a gaban tabarma. Taubashiyata ta durƙusa ta gaida dattijon, sai ta juyo ta daka mani tsawa wai in daina tsayuwa kamar turke in kwance buhu. Nan take ta fara fasawa tana aunawa, masu rai dama, matattu hagu. Kasuwa ta juyo kallo. Wata mata da ke cikin layin Alhaji ta leƙo ta ga an ciro masu rai daga irin fitilar da ke hannunta, ta fice daga layin ta dawo nan tana tambayar yadda ake shiga habbanayen. Wasu suka biyo ta. Ba duka ba, mai son kuɗin cefane ya tsaya inda yake, kuma ban ga laifinshi ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, bai yi fushi ba. Ya zo ya tsaya yana kallon tulin hagu yana girma. Can ya tsuguna, babbar riga da komai.

“Hajiya, waɗannan na hagun me za ki yi da su?”

“Ba ni da abin yi da su, Alhaji. Tukunyar yashina ta cika. Kai ina kake kai su?”

Ya ce manyan na mota akwai masu narka darmarsu can wajensu, ƙananan kuma yana miƙa wa wasu da ke tara su. Ta ce to madalla, gara a narka a nan kusa da a bar wa awaki. Sai ta kawo shawara. Duk abin da ya saya a Mayahi da Tasawa ya fara biyowa ta zaurenta, ta cire masu rai ta biya shi nauyinsu, shi kuma ya kwashe duk na hagunta, har da wanda ke zuwa daga ruga, inda kamiyonshi ba ya iya shiga. Na ga idonshi ya yi wajen raƙumin. Ya san yashin Isawan, ya san ba zai taɓa kai mota can ba.

Ni kuwa na matso na ce, “Alhaji, jigila tsakaninku kuma sai an yi magana da direkta.”

Ta ce, “Kar ka kula shi, bawana ne, gado na ci shi.”

Alhaji ya yi dariya har hularshi ta goce. Ya miƙa wa mijinta hannu, wanda ya iso a motar kasuwa yana tsaye gefe yana murmushi kamar shi aka yi wa kyauta, suka tafa a kan magana ta zauna. Amma ɗan kasuwa ba ya tashi bai ɗan yi kuka ba. Yana kakkaɓe riga, lasifikarshi na ci gaba da shela a bayanshi, ya ce, “Sai dai fa kin cuce ni, Hajiya. Ki tsince masu rai, ni in tafi da gawa zalla.”

Ba ta ko ɗago kai daga ma’auni ba. Ta nuna motar da turnabis ta ce, “Saurari bakin motarka, Alhaji. Tun safe matattu take kira. Su zan ba ka, har da gyara. Masu rai ’yan nan ne, ba inda za su.”