Jarkar da Inna ta Wanke

Tun kafin in yi wayo Baba yake da injin niƙa a shagon da ke jikin zauren gidanmu a Minanata. Tsohon inji ne mai shan gas, baƙi ƙirin, wanda sai an murza shi da hannu yake tashi. Inna takan ce da injin nan yana cin tuwo, to shi za a fara zuba wa kafin mu. Ba ta yi ƙarya ba.

Baba yana da dokoki a kan gas. Ba ya zuba shi a ranar da ya sayo, sai ya kwana biyu a jarka datti ya kwanta. In zai zuba, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin mazurari, kuma ba ya taɓa juye na ƙarshen jarka. Hanyar da man yake bi kuwa, haddace ta muka yi don dole: daga tanki zuwa filta, daga filta zuwa fanfo, fanfo ya tunkuɗa shi ta siririn bututu zuwa nozul, nozul ya fesa. Yayana ya tsani wannan karatu. Ni kuwa, da yake tun asali ina da shisshigi, na riƙe shi tsaf.

Shekarar da na koma gida wankan jegon fari, idon Baba ya riga ya fara yin yana. Ana gobe suna ya niƙa mana gero da dawa da shinkafar masa har rana ta yi tsaka, sai muka ji injin ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya yi shiru. Aka yi suna aka watse, bai tashi ba.

Yaya, wanda ke tuƙa babbar mota a Kalambaina, dama ya daɗe yana neman hanyar da Baba zai huta.

"Baba, injin ga ya tsuhwa, kai ma idonka ya gaji," in ji shi. "Na yi magana da 'yan gwangwan, suna tahowa bayan Juma'a su ɗauke shi."

Na jira Baba ya yi masa tsawa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta ƙona mini rai. Mutumin da kullum ake layi a ƙofarsa, ana raha, ana kawo masa labarin unguwa, shi za a ajiye a tabarma ya riƙa jiran kiran salla?

Ranar Juma'a da hantsi na miƙa wa Inna jaririya na nufi shago.

"Ke! Mai jego da baƙin mai? Mi mutane za su ce?"

"Su ce ɗiyar mai niƙa ta," na ba ta amsa, ban tsaya ba.

Na tarar da Baba zaune yana shafa injin. Na tambaye shi yadda aka yi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya amsa cewa saboda yawan niƙan suna ya karya dokarsa, ya juye jarka har ƙasa. A ganinsa datti ne ya toshe nozul, kuma makantarsa ce ta jawo.

Na samo kwalba, na buɗe ƙasan tanki na tara, na ɗaga ta a hasken ƙofa. Gas yana sama, a ƙasa kuwa ga wani abu fari tas ya kwanta, kusan yatsa biyu.

"Baba, ruwa na!"

Ya tsoma yatsa ya murza. "Lalle babu santsi. To ina yaf fito?"

Na juya neman jarkar, har na wuce ta ban gane ta ba. Jarkar da na sani baƙa, mai danƙo, ita ce ta koma ruwan ɗorawa, sai sheƙi take yi. Na buɗe na shinshina: ƙamshin sabulun wanki. Nan take na tuna yadda Inna ta yi ta dirzar duk abin da hannunta ya kai kafin dangin mijina su iso, har turmin da ba a daka da shi. Ashe ta samu jarkar babu komai a ciki, ta wanke ta ciki da waje, ta rufe da sauran ruwa a ƙasa, Baba kuma ya sayo gas a cikinta bai lura ba. Na miƙa wa Baba. Ya shinshina sau ɗaya, ya ajiye ta a bayansa.

Daga nan Baba ya koma Baban da na sani. Shi ne baki, ni ce ido. Muka zubar da duk abin da ke cikin tanki, muka kwance filta muka wanke kofinta da gas mai kyau, muka sa sabuwa da ya ɓoye a cikin gwangwanin madara. Ya ce in sassauta ɗan notin da ke kan filta don iska ta fita, in kuma faɗa masa abin da nake gani.

"Kumfa na gani."

"Bar shi."

"Har yanzu kumfa."

"Ke dai bar shi, gaggawa aikin shaiɗan ta."

Sai da gas ya fito zalla sannan na ɗaure. Haka muka yi a fanfo. Muna kan bututun nozul Yaya ya shigo da farar shaddarsa ta masallaci, ya buɗe baki zai yi faɗa, na danƙa masa hannun murzawa. Ya murza yana tsaki, gas ya yi tsartuwa a gaban rigarsa, ni kuwa ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Na ɗaure notin. Baba ya kara kunne ya ce ya ji nozul yana fesawa, a ƙara ƙarfi. Injin ya yi tari biyu, ya yi na uku, sai ya ɗauka: dum, dum, dum. Dariyar da Baba ya yi a ranar, rabon da in ji irinta tun ina 'yar firamare.

Yaya ya ɗaga kwalbar yana dubawa. "To wa yas sa ruwa cikin gas?"

Inna tana bakin zaure da jaririya a kafaɗa, ta ga jarkar, ta ga kwalbar, fuskarta ta canza.

"Ruhin shagon ga na ka yoyo," in ji Baba, ko a jikinsa.

Bazara ce fa, wata biyar ko ɗigo bai sauka a Sakkwato ba. Yaya ya dubi rufin, ya dubi jarka mai sheƙi, ya dubi Inna. Sai ya ce, "Gaskiya na, Baba. Gobe in kawo kwano."

Kuma ya kawo. Shi ya hau da kansa ya buga, ya sallami 'yan gwangwan. Baba ya ci gaba da niƙa har iyakar ƙarfinsa, Inna ce ke tace masa gas da farin ƙyalle, ba ta sake kai sabulu shagon ba. Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. In na je gida nakan ga Inna ta tsaya a tsakar gida tana kallon kwanon nan guda ɗaya mai haske a cikin masu tsatsa, wanda aka toshe yoyon da bai taɓa yi ba.