Siginar Baba da Mai Tsaron Ƙofa

A gidanmu na Jibiya, da an idar da magariba Kaka kan zauna bakin murhu tana gasa mana masara, mu kuma mu kewaye ta. A shekarun nan wa'azi ya yi ƙarfi, har Baffa Sale, yayan mahaifina, ya taɓa ce mata tatsuniya ƙarya ce, ya kamata ta bari. Ta ce ƙaryarta ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, ta ci gaba da juya masararta.

Daminar da na fi tunawa ita ce wadda Baba ya karye. Kabu-kabu yake yi da babur tsakanin gari da bakin iyaka. Wata rana zai karya kwana, ashe girgizar hanya ta kashe ƙwan siginarsa, babbar mota ta kwashe shi ta baya. Ya yi watanni a tabarma. Baffa Sale ya dage a sayar da babur ɗin, Baba ya dawo shagonsa na hatsi ya riƙa auna gero a zaune, wai ai gurgu ya gama da titi.

 Baba kuwa sai ya aika Maraɗi aka sayo masa sababbin sigina masu ƙwan LED, waɗanda girgiza ba ta kashewa. Aka turo babur kusa da murhu, ya miƙe ƙafa yana haɗa wayoyi. Da ya kunna, maimakon ƙyaftawa a natse sai suka hau ƙyaf-ƙyaf da sauri, koriyar fitilar kan mita ma haka, kamar dai yadda babur ke yi in ƙwai ya mutu. Baffa Sale ya yi dariya, ya ce babur ɗin ma ya faɗi gaskiya.

Kaka ta tambayi abin da ya faru. Baba ya bayyana mata cewa akwai wata 'yar na'ura, filasha, wadda ke sa sigina ƙyaftawa. Da yawan wutar da ƙwai ke ja take gane yana da rai. Sabon ƙwan kuwa kaɗan yake ja, shi ya sa ta ɗauka ya mutu. Mafita biyu ce: ko a ɗaura masa wata na'urar, rasista, ta riƙa cin wuta a banza tana zafi, ko a canza filashar da irin ta zamani.

 Sai Kaka ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe, mu tare ta. Muka ce ta iso.

Wai wani gari ne mai tsaron ƙofarsa makaho, da ɗagawa yake gane 'yan gari. Wani saurayi ya yi doguwar jinya a daji, ya dawo a rame. Makaho ya ɗaga shi, ya ce wannan ba nauyin mai rai ba ne, fatalwa ce, ba za ta shiga ba. Mutane suka ba saurayin shawara ya cika aljihu da duwatsu. Har ya duƙa zai ɗiba sai ga uwarsa. A nan Kaka ta ɗaga murya, idonta a kan Baffa Sale:

"Ta ce, ɗana ba ya ɗaukar dutse don ya shiga gidan ubanshi. Kai da ba ka gane mai rai, kai za ka tashi daga ƙohwar ga."

Ta janye makahon gefe, ta kama hannun ɗanta suka wuce. Kaka ta ce nan ta yanke mata wutsiya, kowa ya ci masararsa.

Baffa Sale ya kakkaɓe riga ya fita. Baba bai yi dariya tare da mu ba. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Inna, na ji."

Ranar kasuwa aka kawo sabuwar filasha. Ya zare tsohuwar, ya soka wannan, siginar ta kama ƙyaftawa a natse. Kafin lokacin girbi ya koma titi, da ɗingishinsa, kuma da babur ɗin nan ya ciyar da mu har muka girma. Baffa Sale ya jima ba ya zama bakin murhun.

Da ina yaro na ɗauka Baffa kaɗai Kaka ta yi wa tatsuniyar. Sai bayan rasuwarta Baba ya gaya mini cewa a yammacin nan, da ya ga siginar ta ƙi, ya riga ya yanke a ransa da safe zai miƙa wa yayansa makullin. Bai faɗa wa kowa ba, amma uwarsa ta gani a fuskarsa. Ni ma yanzu na haifa, na kuma san wuyar abin da ta yi: ba ta lallashe shi ba, ba ta ce masa sannu ba. Ta dai ƙi yarda a gabansa cewa ya ƙare.