Shuɗin Hannuna

Ina ɗan shekara ashirin na ƙulla wa kaina buri: ba ni ba aure sai na mallaki ramukan rini uku a marinar da ke bayan Ƙofar 'Yandaka. A lokacin muna da yawa a wurin, kowa da ramin gidansu. Babana ne ya koya mini aikin. Ka zuba baban rini da toka, ka motsa safe da yamma, ka taɓa ruwan da harshe ka ji ko ya nuna. Rami kamar jariri yake, in ka yi kwanaki ba ka duba shi ba, sai gawarsa.

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Atamfa da shadda suka cika kasuwa, mutane suka fara jin kunyar tufar da ke zuba a jiki. Abokaina suka watse. Wannan ya zama direban tifa, wancan ya tafi masaƙa a Kaduna, wani da ko bulo bai taɓa ɗagawa ba ya wayi gari ɗan kwangila. Ni mai taurin kai na tsaya, amma na rage burin daga uku zuwa ɗaya: ramin babana kada ya mutu a hannuna.

Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye ba. In na iso da safe nakan yi sallama don sabo, babu mai amsawa. Sai ran kasuwa wata Bafulatana kan kawo zane, in ja ta da gaisuwa har ta ƙosa.

Ciwon ƙafa ya kwantar da babana. Kullum in na dawo sai ya kama hannuna ya duba, shuɗin ne labarin da yake nema. Wata rana ya riƙe hannun ya daɗe, sannan ya ce, "Mi kake jira can kai kaɗai? Tahi ka nemi aikin gwamnati, ka yi aure. Rami ba ya ɗaukar gawar mutum."

Na samu aikin masinja a wani ofis. Burin ya ƙara tsukewa: in motsa ramin bayan sallar asuba kafin in hau keke. Na yi wata biyu a haka, sai aka tura ni Kaduna da fayiloli, kwana biyar. Na rasa wanda zan bar wa sandar motsawa. Da na dawo na ɗanɗana ruwan, ya yi lami, ramin ya mutu. Na zauna a bakin ramin har azahar, na kasa gaya wa kowa.

Babana bai tambaya ba. Ya ci gaba da kama hannuna kowace yamma, shuɗin yana ja da baya, daga tafi zuwa yatsu, daga yatsu zuwa farce. Ran da na yanke farcen ƙarshe mai shuɗi, ya juya hannun ciki da baya, ya ce, "To, madalla. Hannun ma'aikaci ke nan."

Ya sake shi a hankali, ya juya fuskarsa ga bango.