Ƙwaryar da Na Ɓoye Bayan Rumbu

Wata Lahadi ta kasuwa, cikin ranin 1978, ina 'yar shekara tara, Inna ta miƙo mini ƙwaryar Kaka ta ce in kai ta bayan rumbu kada baƙo ya gani. Wake ne a ciki da kwaɗon zogale, an yanka albasa da tumatir, an ɗiga man gyaɗa kaɗan. Baƙon kuwa Bature ne mutumin Italiya, mai gyaran injin ban ruwa a fadamar shinkafa, ana ce masa Dogo. Shi ya tayar da motar Baba da ta mutu a hanyar Gene, Baba ya rantse sai ya ci abincin gidanmu.

A lokacin fataucin albasa ya karɓi Baba. Da yunwa ya tashi a Madekali, don haka da hannunsa ya buɗe sai ya ƙulla gaba da duk abin da ya ci yana yaro. Ranar tun da safe muke shan wahala. Na ɗebo ruwa har wuyana ya ƙage, na fige kaji uku, na wanke tangaran ɗin da ba a taɓawa sai da Salla, ko 'yar carafke ban samu na yi ba. Aka jera wa Dogo soyayyen nama yana iyo cikin mai, da kifin gwangwani, da madara mai kauri, da lemon kwalba.

Ya ɗan taɓa, ya tashi wanke hannu, sai ga shi bayan rumbu. Ashe Kaka ta bi ƙwaryarta, ta baje a inuwa tana ci a tsanake. Ya tsuguna, ta tura masa, ya sa hannu, bai ɗago ba sai da ƙwarya ta yi fes. Inna kamar ƙasa ta tsage ta shige. Cikin gurguwar Hausarsa Dogo ya ce haka uwarsa take ci a ƙauyensu: wake, ganye, tumatir, man zaitun, nama sai ranar biki, kuma kowa a zaune tare, ba gaggawa. Ta haura tasa'in, har yanzu ita ke ba lambunta ruwa. Sai ya dubi Baba, wanda ya biyo shi, ɗan tattakin nan ya sa shi haki, ƙafafunsa a kumbure, ya ce, "Alhaji, ka ci na tsohuwa."

Baba ya yi ta dariya har baƙo ya tafi, sannan fuskarsa ta sauya. "Ni da Allah ya hisshe ni daga cin ganye, wanga Bature shina so shi maishe ni? Mi mutane za su ce a kasuwa?" Ni na sha faɗan, wai ban iya ɓoyo ba.

Daga nan ciwon kai ya matsa wa Baba, jiri ya biyo baya. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ajiye masa kwaɗon a gabansa, ya ture da bayan hannu bai ko dube ni ba. Ban gama lakwal ba, wato makarantar boko, ya faɗi cikin buhunan albasa ya rasu, bai cika hamsin ba. Kaka ta rayu har ta goyi ɗana na fari. Idan aka ambaci Baba, abu ɗaya take cewa: "Da ganyen nan na raine shi, ya ce abin kunya ne."

Yanzu na girmi Baba. Ƙafafuna sun fara kumburi, jikoki suna cin taliyar leda a tsaye, kowa da wayarsa, ni kuma na gaji da yi musu magana. Watan jiya likita ya rubuta mini abin da zan riƙa ci, na karanta, na ga ƙwaryar Kaka ce tsaf. Ina kewar Baba, kuma har yau ina jin haushinsa. Rumbun ya daɗe da rushewa, amma duk sa'ad da na kwaɗa zogale sai na waiga, ko baƙo na tafe.