Jihar da Baffa Yake Nufi

Ran nan na wuce shagon wani mai gyaran rediyo a Gusau, na ji ya danna tsohuwar rikoda ta yi ƙas. Nan take ƙafafuna suka tsaya. Ni da mutane suka sani da surutu, wanda ko limami ya gan ni sai ya gyara fuska don kada ya yi dariya, sai ga ni na yi tsit kamar an kama ni da tukunyar miya.

Baffana, ƙanin Baba, ya tafi Amurka karatu tun ban iya ɗaura wando ba. Ya zama lauya a can, ya yi aure, ya zama ɗan ƙasa. Mu a Bungudu muryarsa kawai muka sani, domin kakata ba ta karatun boko, sai ya riƙa aiko mata da kaset. Ni kuwa na cika yaran unguwa da labarin cewa idan Baffa ya shiga kotu alƙali ne yake miƙewa ya ba shi kujera.

Ana cikin yankan gero, shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, wani kaset ya iso. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, aka danna. Bayan gaisuwa Baffa ya ce, "Inna, zan tsaya takarar majalisar jiha. Ki sa ni a addu'a."

To, ka san lokacin Zamfara sabuwa ce fil. Duk wanda ya ce jiha, tamu yake nufi. Kakata ta dafa ƙirji. "Ashe zai taho gida," in ji ta.

Baba ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya rufe. Da yamma ya ja ni zaure ya ce Amurka ma jihohi gare ta, ɗaya daga cikinsu Baffa yake nufi. "Ka bar ta ta ji daɗi kwana biyu. Ni zan gaya mata."

Kwana biyun nan har aka kai dawa rumbu ba su ƙare ba. Kakata ta sa aka shafe ɗakin kusa da nata da farar ƙasa. Ta ware rago tana ba shi dusa da harawa har ya koma tafiya kamar ɗan kwangila. Ta bi gida-gida tana roƙon mata ƙuri'a, ni ina riƙe mata lema. Har Tsafe muka je wajen ƙannenta, alhali ba ma mazaɓarmu ba ce. Da ta tambayi dalilin da babu hoton ɗanta a bango kamar na sauran 'yan takara, ni na ce nasa manya ne, a jirgin ruwa ake kawo su. Matan suna dariya suna cewa, "Mun ba ki, Inna." Duk sun sani. Garin gaba ɗaya ya sani.

Ranar zaɓe ta ci ado, Baba ya raka ta makarantar firamare, ni ina biye. Da layi ya zo kanta ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce wa malamin da ke aikin, "Ɗana, ina wajen lauya?"

Malamin baƙo ne, ba wanda ya ja masa kunne, amma labarin ya riga ya kai gare shi. "Hajiya, ai ɗanki a Amurka ya tsaya. Tuni suka yi nasu, an ce ma ya ci."

Ta juyo ta dubi Baba. "Ka sani?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ta dube ni. Ni ba ta tambaye ni ba, kuma da ma ta tambaya ya fi mini sauƙi.

Ta dangwala yatsa a tawada, ta danna a gefen takardar inda babu alamar kowa, ta jefa. Da muka koma gida ta sa aka yanka ragon aka raba wa matan da ta roƙa. "Ya ci zaɓe, a ci nama," in ji ta. Ita ko tsoka ɗaya ba ta taɓa ba.

Baffa bai samu zuwa ba sai da aka yi rasuwarta. Ya kwana a ɗakin nan, har ya yaba haskensa, ba wanda ya gaya masa don wa aka shafe shi.

Yanzu ya yi ritaya, furfura ta cinye kansa, kuma zamani ya kawo wayar da nake ganin fuskarsa ina zaune a tsakar gida. Duk kiran da ya yi sai ya ce, "Ɗana, ba ni labarin kamfen ɗin Inna." Nakan zuba masa, in ƙara gishiri, in ce har jakunan Tsafe sun yi masa alkawari. Yana dariya har da tari. Daga nan sai ya ce, "To da ta gane fa, mi ta ce?"

Sai in ce masa layin ya fara yankewa.