Titin da Ba Ya Bushewa

Greensboro

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar unguwarmu Glenwood a nan Amurka, ni da Danjuma mai motar jan motoci, wanda nake tsokana da Fasto. Shekara ashirin ina sayen tsofaffin motoci ina turawa gida, ban taɓa bin mota don son zuciya ba sai wannan. Wata tsohuwa kusa da Hickory ta yi tallar baƙar mota, ta ce ita ce ta fito a wani tsohon fim na ɗan sandan ciki, marar launi, da aka yi bayan yaƙin duniya na biyu.

Fim ɗin nan Babana ya haska shi ya fi a ƙirga, lokacin yana juya majigi a sinima a Jos. Ba ya jin Turanci, shi yake ƙago mana abin da suke faɗa. Da ya rasu, ko hotonsa ba mu samu ba.

"Alhaji, yau kai za a yi wa wayo," in ji Danjuma.

"Tuƙa dai, Fasto."

Winston-Salem

Mil talatin. Muka sha kofi da burodi da ƙwai, dala tara. Na gaya masa yadda Baba yake nuna mana titunan fim ɗin suna sheƙi, yana cewa, "Ku duba, a Amurka ƙasa ba ta bushewa." Danjuma ya yi dariya har ya ƙware.

Hickory

Takwas saura muka isa. Motar tana cikin rumfa, kaji sun yi sheƙa a kujerar baya. Na buɗe gabanta na duba lambar jiki. An ƙera ta shekara biyu bayan fitowar fim ɗin.

Na gaya wa tsohuwar gaskiya. Ta murmusa.

"Motar mahaifina ce, daga bakinsa na ji labarin; akwai shi da ƙarin gishiri. Amma aikin fim ɗin kam ya yi shi. Shi ne mai tiyo."

"Tiyo?"

"Kafin a ɗauki kowace fitowa sai ya jiƙa titi, don fitila ta yi ƙyalli a kai. Wata biyu suna aiki, ko yayyafi ba a yi ba."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ashe ruwan da Baba ya rasu yana sha'awa, mutum ɗaya ne ya zuba shi da hannunsa. Na so a ce yana nan in gaya masa, in ji irin musun da zai yi.

Ban sayi motar ba. Da za mu tafi ta shiga gida ta fito da bakin tiyo na tagulla, duk ya yi tsanwa, ta miƙo mini. Na ciro walat, ta buge mini hannu.

Gida

La'asar sakaliya muka dawo, motar Danjuma fayau. Da fitilun layi suka kama, na ɗaura bakin tiyon na jiƙa ƙofar gida.

Hajiya, matata, ta leƙo. "Ina motar?"

"Zo ki tsaya nan."

Ta zo. Kwalta tana sheƙi kamar titunan fim ɗin da Baba yake haskawa a Jos.

Allah Ya saka wa tsohuwar nan da Danjuma. Allah Ya jiƙan Baba.